Tsuntsayen Malam Bahago

Duk wanda ya ji ana cewa Malam Bahago zai ɗauka da hagu yake rubutu. Ina! Mutumin nan ko maɓallin rigarsa bai iya sawa da hannun hagu ba. Ɗalibai ne suka liƙa masa sunan, sunan kuma ya bi shi har gida, har bakanikensa da shi yake kiransa. A jami'a yake koyarwa, a sashen tarihin zane-zane, hawa na biyu, ofishi na ƙarshe, wanda tagarsa take kallon ɗakin janareta. Fanninsa zanen mutanen da ne, waɗanda suka bar duniya shekaru ɗari bakwai, ɗari takwas da suka wuce: abin da suka zana a bango, da rufin fadodi, da gefen littattafai. Idan dangi suka tambaye shi aikinsa ya fara bayani, sai su ce, "To, Allah ya taimaka," su koma zancen tsadar siminti.

Ɗan kafinta ne, kuma shi ne babba a ɗakinsu. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki shi da abokinsa, wanda yanzu ya zama Farfesa kuma shugaban sashe. Tare suka yi karatu, ɗaki ɗaya suka kama haya, kuma kowa a ajinsu ya san wa yake kwafar aikin wa. A shekararsu ta biyu aka ba sashen gurbin tafiya guda ɗaya tak, zuwa wata ƙasa mai nisa inda akwai tsohuwar fada mai silin katako, an zane shi kakaf tun daga wannan kusurwa har waccan. Malam aka zaɓa. Har kwat ya ɗinka. Ana saura 'yan kwanaki sai tsohonsa ya zamo daga rufin da yake bugawa, ƙugu ya karye, kuma babu mai ɗaga shi ya kwantar sai babban ɗa. Abokin ya tafi a madadinsa, har da kwat ɗin, don jikinsu ɗaya a lokacin.

Tsarabar da ya kawo masa akwatin silaid ce, wato ƙananan hotunan fim ɗin nan masu bakin kwali da ake zura wa majigi a haska a bango. A wani shago da ke ƙofar fadar ya saye su. Kowanne yana da jan ɗigo a kusurwa ɗaya, kuma duk ɗan wannan fanni ya san ƙa'idar: ka ɗora babban yatsanka a kan ɗigon, ka zura, hoton ya fito daidai. Malam ya yi godiya, ya rungume akwatin, ransa yana suya. Ya yi watanni yana kulle kansa a ɗakin majigi bayan an tashi aiki, yana kallon silin da ya kamata a ce ya gani da idonsa.

A nan ne ya gano abin da ya zame masa jari. Mai zane idan zai yi inuwa, 'yan layuka yake ja kusa da juna, kuma kowane hannu da hanyarsa: na dama yana karkata layukan ta wannan gefe, na hagu ta wancan. Duk silin nan aikin hannun dama ne. Amma a wata kusurwa, wadda babu littafin da ya taɓa damuwa ya buga hotonta, akwai wasu shuɗɗan tsuntsaye suna tashi a jere sun nufi dama, kuma layukan fukafukansu ta ɗaya gefen suka karkata. Ashe cikin ayarin masu zanen akwai bahago guda, an tura shi kusurwa, alhali ya fi su duka iyawa! Malam ya rubuta maƙala, aka buga ta a waje, manyan da bai taɓa gani ba suka ambaci sunansa a ƙasan shafi. Tun daga nan duk ajin da ya shiga sai ya kawo zancen Bahago: yadda ya kwanta rigingine a kan katako, fenti yana ɗiga masa a gemu, yadda ubangidansa ya raina shi. Matarsa, wadda tela ce, takan ɗago kai daga keke ta ce, "Malam, wannan abokin naka dai ya fi mu jin hirarka."

Shekaru suka ja. Aka jibga masa 'yan ajin farko, masu yawan da ba sa ƙarewa, ga duba jarrabawa, ga yara a gida, ga ƙannen da ya ɗauki nauyinsu bayan tsoho ya rasu. Duk abin da ya rubuta daga baya 'ya'yan maƙalar farko ne. Ya nemi tallafin tafiya har ya gaji da nema. Wata shekara a ce babu gurbi, wata a ce ya makara. Abokinsa kuwa tafiya ɗaya ta buɗe masa ta biyu, ta biyu ta buɗe ta goma, har ɗalibai suka sa masa Ɗan Jirgi. Ya yi ƙiba, ya yi mota, ya yi ofis mai labule.

A bakin matakalar sashen akwai allon gilashi inda ake liƙa taya murna: wane ya samu lambar yabo, wance an buga littafinta, wane an gayyace shi taro a waje. Malam ba ya wucewa bai tsaya ba. Zai gyara tabarau ya karanta har ƙasa, ya samo harafin da aka rubuta ba daidai ba, ya ja tsaki, ya wuce da ɗan sauƙi a ransa. Idan ya ci karo da mai abin kuwa, shi ne farkon miƙa hannu. "Kai, madalla! Wallahi mun ji daɗi," in ji shi, da yaƙen da ya saba.

Hassada ce, ba sai an yi mata kwalliya ba. Amma ba motar yake ƙyashi ba, ba kuma labulen ba. Idon yake ƙyashi. Mutum ya je ya tsaya a ƙarƙashin abu, ya dawo ba shi da labari sai na sanyi da tsadar masauki! Sau ɗaya ya daure ya tambayi Farfesa yadda tsuntsayen suke a ido. Farfesa ya sosa ƙeya ya ce, "Mutumina, wallahi ban lura ba. Ni ginshiƙai nake dubawa, kuma wuyana ya gaji." Malam ya yi sati bai shiga ɗakin shan shayin malamai ba.

Yana gab da fara furfura wata ɗaliba ta zo masa, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa, tana neman ya duba mata aikin digiri na biyu. Tana ɗaukar fensir ya lura. "Ke bahaguwa ce?" Ta yi maza ta ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur, don tun tana ƙarama ake make mata shi.

"Fito da shi," in ji Malam. "A ofishin nan ya fi na dama daraja."

Ya sa ta zana masa inuwa a takarda, ya ɗaga takardar a gaban taga yana dariya shi kaɗai. Ga layukan Bahago nan, sak. Daga ranar ya koma kiranta Bahaguwa. Da dama ko alli ba ta iya riƙewa. Ya taɓa gwada ta a gaban aji, allin ya suɓuce, aji ya ɗauki dariya har da ita. Ya koya mata kallo. Ya hana ta faɗin "yana da kyau" sai ta faɗi abin da ta gani. Makullin akwatin silaid, wanda ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba, ita ya ba ta. Ta gama na biyu ta zarce digirin digirgir a hannunsa, kuma a kan silin nan take aiki.

Sai ga sanarwa. Wata gidauniya ta ce ana gyaran fadar, an kafa katakan hawa har silin, kuma za ta ɗauki nauyin mai bincike guda ya je ya hau, ya gani kusa da kusa. Malam da bakinsa ya ce wa Bahaguwa ta nema. Abin da bai faɗa mata ba, shi ma ya nema. Amsarsa ta riga tata zuwa, da ladabi ƙwarai: sun yaba da aikinsa, amma matasa suke so. Bayan 'yan kwanaki ya hau matakala ya tarar da hotonta a allon gilashi, ɗalibai sun yi dafifi. Ya karanta har ƙasa, ya sake karantawa. Ko harafi ɗaya ba a yi kuskure ba.

Ta same shi a ofis tana haki, ta durƙusa. "Malam, na samu! Albarkacinka ne wallahi."

"Na gani," ya ce, bai ɗago daga takardun da yake dubawa ba. "Allah ya sanya alheri. Ina babin da na ce ki gyara?"

Babin nan kuwa ya sha jan biro. Inda bai taɓa ganin laifi ba, ranar ya gani. Waƙafi ma sai da ya yi masa gardama. Ta karɓa ta duba, ta ce, "To, Malam, zan gyara." Shi kuma haƙurin nata ya ƙara ƙona masa rai.

A gida ya zauna yana juya cokali a kofi, yana ba matarsa labarin 'yan zamani: ba su san wahala ba, komai a faranti ake miƙa musu, yarinyar da jiya-jiya ba ta san gaban silaid da bayansa ba. Matar ta yanke zare da haƙori ta ce, "Ba kai ka ce ta nema ba?"

"Ni na ce."

"To me ya yi zafi?"

"Ni na ce wani abu ya yi zafi?"

"Baban yara, ni fa zan faɗa maka gaskiya. Baƙin ciki kake yi da 'yar da ka raina da hannunka. Ko kunya ba ka ji?"

Ya ce ita dai ta ji da ɗinkinta. Amma kunyar ya ji ta, kuma kunyar ba ta rage komai ba.

Kamar wannan bai isa ba, Farfesa ya kira shi ofis mai labule. Takardun Malam na neman zama farfesa sun daɗe a hannun masu tantancewa, kuma sun dawo da magana guda: duk aikin mutumin nan a kan Bahago ya tsaya, Bahago kuma babu wanda ya taɓa hawa ya tabbatar da shi. "Ka ga abin ya zo da sauƙi," in ji Farfesa yana murmushi. "'Yarka ta dawo da hotuna, mu liƙa a fayil, shi ke nan. Kafin ka yi ritaya mu ma mu kira ka Farfesa." Malam ya fito yana tafasa. Wato kujerar da ya yi rayuwarsa yana jira, yanzu a jakar ɗalibarsa za ta dawo.

Ranar da ta zo sallama ya yi niyyar ba zai ce komai ba. Ya yi mata addu'ar hanya a taƙaice. Har ta kai ƙofa, bakinsa ya suɓuce. "Ki duba min tsuntsayen."

Ta juyo. "Haba Malam, ai dominsu zan je."

Kwanakin farko wayarsa ba ta huta ba. Ga ƙofar fadar, Malam. Ga matakalar. Ga katakan hawa, gobe za a bar ni in hau. Shi kuma amsarsa ba ta wuce "madalla" ba, sannan ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu ya yi ta kallo har idonsa ya yi ruwa. Gobe ta yi, babu saƙo. Jibi ma haka. Ya duba wayar a aji, ya duba a mota, ya ce wa ɗansa ya duba ko ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Bayan kwanaki sai ga gajeren saƙo: tana gaishe shi, aiki ya yi yawa.

Malam ya gyaɗa kai shi kaɗai. Ya gane. Ta hau ta ga wani abu, wataƙila sa hannun Bahago, wataƙila sunansa ma, kuma ta rufe bakinta don ta buga da sunanta ita kaɗai. Haka 'yan zamani suke. Ka ɗora su a kafaɗa, su hango nesa, su ƙi faɗa maka abin da suka hango.

Da ta dawo abin ya ƙara tabbata a ransa. Ta zo gaisuwa ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a ƙasa, ta ajiye masa ɗan littafi ta ce ana jiranta. Ya ce, "Tsuntsayen fa?" Ta ce, "Suna nan, Malam," ta fice kamar an kore ta. Washegari da idonsa ya ga ta fito daga ofishin Farfesa, sun daɗe a ciki. Ya koma ofis ya rufe ƙofa. Kwat ɗinsa ta tafi, tafiyarsa ta tafi, yanzu kuma ɗalibar tasa ma Ɗan Jirgi zai ɗauke.

A sashen akwai al'ada tun ta malaman farko: duk wanda ya je ya dawo, kafin ya rubuta komai, sai ya tara kowa a ɗakin majigi ya nuna abin da ya gani. Malamin da yake duba aikinsa shi yake zama a kujerar gaba. Ranar nunin Bahaguwa ɗakin ya cika har da na tsaye. An ja labule, fanka tana ƙara, Malam yana gaba ya harɗe hannu, Farfesa a gefensa yana ƙamshin turare. Yanzu ba a zura silaid. Kwamfuta ta haɗa da majigin, tana dannawa hoto yana wucewa.

Ta nuna ƙofa, ta nuna ginshiƙai, ta nuna tsakiyar silin. Muryarta tana rawa, kowa ya ɗauka tsoron taro ne. Ta yi ta jan lokaci a kan wasu furanni har Farfesa ya ce, "'Yar nan, kai mu kusurwa mana, malaminki zai tsufa a kujera." Aka yi dariya. Ta danna.

Ga su nan. Shuɗɗan tsuntsaye sun cika bango, tar, ba dishi-dishin tsohon fim ba. Sun nufi dama, yadda ya san su. Layukan fukafukan a karkace ta gefen bahago, ɗaya bayan ɗaya, ko makaho ya shafa zai yarda. Farfesa ya buga cinya ya ce, "Bahago ya tabbata!" Ɗaki ya ɗauki tafi. Wani ɗalibi daga baya ya yi ihu, "Farfesa Bahago!" Ashe yarinyar ba ta ci amanarsa ba. Ashe shi ne mai mugun zato.

Sai ya yi abin da ya koya wa kowa: ya daina jin daɗi, ya fara kallo. A gefen hoton akwai hannu riƙe da fensir, an kara shi kusa da tsuntsu don a ga girmansa. Hannunta ne, ga ɗan zoben azurfan da take sawa. Ya dubi yadda yatsun suka kama fensirin, riƙo mai kyau, na hannun da ya saba. Kuma hannun dama ne.

Ya juya ya dube ta. Tana tsaye a bayan kwamfuta, fensir a hannunta na hagu, zoben yana wannan hannun, ta ƙi kallon kowa.

Ba a buƙatar dogon lissafi. Ta juya hoton. Idan kuwa sai da ta juya shi kafin ya yi daidai da nasa, to nasa ne juyayye. Wani ma'aikacin shago, a wata rana da ba wanda zai tuna, ya ɗiga jan ɗigo a bayan silaid maimakon gabansa, shi kuma ya yi rayuwarsa yana ɗora babban yatsa a kan ɗigon bisa ƙa'ida. Babu wanda aka tura kusurwa. Babu wanda aka raina. Shirun da ta yi a can, da ƙin haɗa ido, da zaman ofishin Farfesa, wanda daga baya ya ji ashe roƙo ta je yi a yafe mata nunin, duk wannan ne.

Tafin bai gama mutuwa ba. Ya san idan ya yi shiru an gama: Farfesa ba ya kallon komai sai ginshiƙai, sauran kuma hannu ba fanninsu ba ne. Hoton zai shiga fayil, sunansa ya hau allon gilashi da manyan haruffa. Ya ga allon a ransa sarai, har da inda za a liƙa. Ya so abin, wallahi ya so shi.

Amma wani abu ya fi wannan ƙona shi. Ita ta ga na gaskiyar. Ita kaɗai a ɗakin nan ta san yadda tsuntsayen suke, ta riƙe abinta, shi kuma ta miƙo masa tsohon hotonsa kamar yadda ake lallashin marar lafiya.

"Bahaguwa," ya ce. "Mayar da shi yadda kika ɗauko shi."

"Malam…"

"Yaushe kika fara riƙe fensir da dama?"

Ta sunkuya ta danna wani abu, hawaye yana sauka a kan madannan. Hoton ya kifa. Tsuntsayen da ya san su suna tafiya dama tun yana saurayi suka juya suka nufi hagu. Hannun da ke gefe ya koma na hagu. Layukan fukafukan suka kwanta irin na kowa, irin na sauran silin.

Malam ya miƙe, ya juyo ya fuskanci ɗakin, hasken majigi yana dukan rabin fuskarsa. "Silaid ɗina a juye yake," ya ce. "Babu Bahago. Wannan shi ne abin da ta gano, kuma nata ne, ita za ta rubuta." Farfesa ya ce a hankali, "Mutumina, ni fa haka na sayo su." Malam ya ce ya sani. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Fayil ɗin ba a sake zancensa ba, har ya yi ritaya Malam ake kiransa. Sunan Bahago kuwa bai bar shi ba.

Amma ranar, da ɗakin ya watse, su biyu suka rage, da fanka da tsuntsaye a bango. Ta zo ta durƙusa a gefen kujerarsa tana shessheƙa. "Malam ka yafe min. Da na hau na gani, zama na yi a kan katakon ina kuka. Na rasa ta inda zan faɗa maka. Na ce ko bayan an ba ka kujerar…"

"Rufe min baki," ya ce, kuma da gaske faɗa yake yi. "Tun kafin a haife ki nake jiran wanda zai je ya dawo ya faɗa min yadda suke. Wancan ya je ya dawo da ciwon wuya. Ke kin je, kin hau, kin gani, sannan ki dawo ki nuna min abin da yake cikin akwatina? Wannan ce tsarabar?"

Ta share fuska da bayan hannu.

"Tashi ki zauna. Koma farko, tun daga ƙofa. Kada ki tsallake komai, kuma kada ki ce min yana da kyau."

Ta koma farko. Ta faɗa masa matakalar tana da santsi a tsakiya saboda ƙafafun da suka bi ta. Ta ce katakan hawan suna lilo idan iska ta shigo, kuma a kusurwar ba a iya zama, dole mutum ya kwanta rigingine, hancinsa kusa da fentin.

"Kin kwanta?"

"Na kwanta, Malam."

"A inda mai zanen ya kwanta."

"A nan. Har akwai inda fenti ya ɗiga a jikin bango, ba a goge ba."

"Shuɗin fa? Haka yake?"

"Ya fi haka duhu. Amma da hantsi rana tana shigowa ta wata 'yar taga, sai ya buɗe, ka ga kamar bai bushe ba."

"Wurin yana da wari?"

Ta yi ɗan tunani. "Irin na shagon kafinta, idan an daɗe ba a buɗe ba."

Malam ya jingina da kujera. Ya san wannan warin, a cikinsa ya girma. Ya daɗe yana kallon tsuntsayen suna tafiya inda bai saba ba, sannan ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ƙyashin yana nan daram, ko kaɗan bai ragu ba, sai dai yau bai yi masa yaƙe ba.

"Ke kam kin more," ya ce. "Ci gaba."